Murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi a hunturun Sakkwato: ƙaurinsa da zafinsa

Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai yi mamakin jin ana zancen murhun ɗumama ɗaki a garin. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso da ƙurarta, sanyin asuba yakan gallabi tsofaffi da jarirai, shi ya sa a gidaje da yawa ake shigar da kaskon garwashi ɗaki a ja ƙofa. Domin guje wa wannan ne na sa wani mai walda a cikin gari ya ƙera wa mahaifiyata murhun itace irin wanda hayaƙinsa ke fita waje. Akwatin ƙarfe ne mai ƙafa huɗu, da ƙofa a gaba, da aljihun toka a ƙasa, sai bututu da ya ratsa bango ya miƙe sama da rufi.

Wajen ɗumi ba ni da abin cewa a kansa, domin da 'yan guntayen itace yake ɗumama ɗaki, kuma ba ya sa hawaye ko tari. Abin da ya tayar mana da hankali ƙaurinsa ne. Ana hura shi a karon farko sai wani wari mai kama da na ƙonannar roba ya cika ɗakin, siririn hayaƙi yana tashi daga jikin ƙarfen kansa, har Inna ta ce, “Kai, ɗan nan, fitar mini da abin nan kafin ya halaka mu.” Da na koma wurin mai waldan sai ya ce, “Alhaji, fenti ne yake ƙonewa, zai daina.” Gaskiya ya faɗa, ya daina ɗin, amma fentin ƙofa ya shafa masa maimakon wanda ake yi don jure wuta, kuma ya kamata tun wajen ciniki ya gaya mini cewa a fara hura shi a tsakar gida har sai warin ya gushe.

Abin da ya fi fentin muni shi ne bututun, wanda ya naɗe da kwanon rufi saboda arha. Farin sinadarin da ake lulluɓe kwano da shi don hana tsatsa yana fitar da tururi idan ya yi zafi sosai, kuma shaƙarsa tana kawo zazzaɓi da ciwon jiki, abin da masu walda da kansu suka sani. Na sa an canja gaɓar da ke kusa da wuta da baƙin ƙarfe, a kan kuɗina.

Akwai wani warin kuma da ba laifin murhun ba ne. Mun taɓa zuba masa reshen dogon yaro da bai gama bushewa ba, sai wutar ta riƙa cin itacen tana huci, ruwa yana tsattsafowa daga bakinsa, washegari kuma muka tarar da wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta yana zuba daga mahaɗar bututun, yana wari mai tsami. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, alhali wanda ya dace da murhu bai kamata damshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ba. Idan wuta ba ta yi ƙarfi ba, hayaƙin yakan huce a cikin bututu ya daskare a jikinsa, kuma wannan danƙon yana kamawa da wuta idan ya taru. Busasshiyar bagaruwa ba ta yi mana haka ba, amma duk da haka ana buƙatar kwance bututun a kankare shi lokaci-lokaci.

Zafin da ya wuce kima ne babban aibinsa, kuma a nan ƙirar ce ta gaza. Ƙarfen jikinsa ba shi da kauri, sannan ba a yi masa marfin rage iska ba, don haka idan wuta ta kama babu yadda za a lafar da ita. Daren da aka cika shi da kirya, itacen da maƙera suke son gawayinsa saboda ƙarfin wutarsa, gefen murhun ya yi ja a cikin duhu, kuma ƙarfe ba ya fara yin ja sai zafinsa ya kai wajen digiri 500. Ba mu watsa masa ruwa ba, domin hakan yana iya tsaga waldar ya kuma ƙona mutum da tururi. Mun toshe mashigar iskar da guntun faranti, muka janye labule da katifa, muka jira ya lafa. Tun daga nan ƙofarsa ta ɗan karkace. Yanzu yana zaune a kan bulo, da tazarar kusan mita 1 daga duk abin da ke iya ƙonewa, da bokitin yashi a gefe. Mai silin na roba ko na katako ya ƙara kula da inda bututun zai bi.

Duk da waɗannan ban mayar da Inna ga kasko ba. Iskar da ke kashe masu kwana da garwashi, wato kabon monoksayid, ba ta da wari ko launi, tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma alamunta na farko, ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sukan yi kama da zazzaɓin cizon sauro, sai mutum ya ƙara lulluɓa maimakon ya fita. Bututu yana fitar da ita waje muddin bai toshe ba kuma mahaɗarsa ba ta yoyo. Ko da hakan, muna barin taga a ɗan buɗe, kuma ba a kwanciya sai wutar ta mutu an fitar da tokar.

Wanda zai sa a ƙera masa irinsa ya tsaya a kan ƙarfe mai kauri, da marfin rage iska, da bututun baƙin ƙarfe, ya kuma hana a shafa masa fenti idan babu mai jure wuta. Zai ƙara kuɗi, amma namu da ba a yi wa haka ba sai da na sake biyan kuɗin gyara, kuma har yanzu ƙofarsa ba ta rufuwa daidai.