Jerin kalmomi ko koyar da na'ura wajen rarraba tambayoyin bincike

Ɗan'uwa, ka tambaya wace hanya ta fi dacewa idan ana son kwamfuta ta ware abin da mutane ke rubutawa a akwatin bincike zuwa fannoni kamar lafiya, noma da sana'a: a tsara mata jerin kalmomi da hannu, ko kuwa a koya mata da misalai.

Jerin kalmomi yana da saurin kafawa, kuma idan ya yi kuskure za ka iya bin sawu har ka gano dokar da ta jawo shi. Sai dai kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu. Idan ka ce duk inda "allura" ta fito a kai shi fannin lafiya, to mai neman "allurar keken ɗinki" zai tsinci kansa a asibiti. Ga kuma masu rubutu ba tare da lanƙwasar harafi ba, waɗanda a wurinsu "taswirar kasa" da "cizon kasa" duk kasa ce, alhali ɗaya ƙasa ce, ɗayar kuwa maciji.

Na'urar da aka koya wa tana duba kalmomin da ke kewaye, shi ya sa ta fi iya raba irin waɗannan, musamman tun bayan fitowar BERT, wani tsarin koyar da kwamfuta fahimtar harshe na kamfanin Google, a 2018. Amma tana bukatar dubban misalan da mutum ya zauna ya sa wa kowanne fanninsa, kuma in ta kauce ba ta faɗin dalili.

Abin da ya fi damun hanyoyin biyu shi ne gajartar tambaya, domin yawancinta kalma biyu ce ko uku. A gasar KDD Cup ta 2005, wadda gasa ce ta masana nazarin bayanai da kwamfuta, an bai wa masu fafatawa tambayoyi 800,000 su rarraba zuwa fannoni 67, da misalai ƙalilan kawai. Tawagar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong, wadda ta yi nasara, ta riƙa tura kowace tambaya ga injinan bincike, sannan ta yi hukunci da shafukan da suka fito.

A ganina, in fannoninka ba su da yawa, ka fara da jerin, ka riƙa tattara tambayoyin da ya kasa warewa kana sa musu fanni da kanka, domin da su ne za ka koyar da na'urar daga baya.