Saukowar mahaifa: atisaye, zobe ko aiki, wanne ya dace da ke?

Abin yakan fara da nauyi a mara wanda yake ƙaruwa da yamma, daga baya mace ta taɓa ƙullutu a gabanta idan ta tsuguna. Jijiyoyi da tsokar da suke riƙe da mahaifa ne suka saki. Haihuwa kusa da kusa, doguwar naƙuda, komawa daka da ɗaukar ruwa tun ba a gama jego ba, tari mai daɗewa, taurin bayan gida da ɗaukewar al'ada, su ne manyan masu jawo shi.

Likitoci suna kasa shi mataki 4. A na 1 mahaifa ta sauko amma tana ciki, a na 2 ta kai bakin farji, a na 3 ta leƙo waje, a na 4 ta fito gaba ɗaya. Sai dai mataki kaɗai ba ya yanke hukunci. Kafin ki zaɓa, ki amsa wa kanki abu uku: kina son ƙara haihuwa? Kina da miji kuna saduwa? Za ki iya komawa likita duk bayan ƴan watanni?

Atisaye ba ya cin ko dala. Ki matse tsokar da kike riƙe tusa da fitsari da ita, ki ƙirga zuwa 10, ki saki, sau 10 a jere, sau 3 a rana, har wata 4 aƙalla. Yana rage nauyin a mataki na 1 da na 2, amma ba ya mai da mahaifar da ta fito waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne yunƙuri ƙasa maimakon jan tsokar sama, don haka ungozoma ta duba ki a karon farko.

Zobe shi ne abin da muke ganin mata da yawa ba su san da shi ba, alhali shi ya kamata a fara gwadawa. Roba ce mai laushi da ake naɗewa a sa cikin farji ta tokare mahaifa, ba allurar barci, ba kwanciya. Girmansa iri-iri ne, kuma ba laifi ba ne a gwada biyu ko uku kafin a dace. Bayan an sa, kada ki bar wurin sai kin yi tafiya, kin yi tari, kin tsuguna, kin yi fitsari. In ya faɗo ya yi ƙarami, in yana ciwo ko fitsari ya ƙi fita ya yi girma. Mai siffar awarwaro ba ya hana saduwa ko ɗaukar ciki, kuma ana iya koya miki cirewa ki wanke da sabulu da ruwa ki mayar. Akwai mai faifai da ɗan mariƙi da ake sa wa wadda tata ta fito sosai. Shi kam yana hana saduwa.

Sharaɗin zobe ɗaya ne, kuma mai nauyi: a duba shi duk wata 3 zuwa 6. Zoben da aka manta da shi shekaru yana cin nama, ya kawo gyambo, wari da jini, har ya huda mafitsara ya zama yoyon fitsari. Matar da ke cikin garin Damagaram ba ta da matsala da wannan. Wadda ke ƙauye can bayan Tanut ko Gure, wadda kuɗin mota ma aiki ne, ta faɗa wa likita gaskiya tun farko. Ga wadda al'adarta ta ɗauke, akan haɗa da man shafawa mai sinadarin istrojin domin fatar wurin ta yi kauri.

Aiki kuwa ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi yi shi ne cire mahaifa ta farji, ba tare da yanka ciki ba, a gyara bangon gaba da na baya. Bayansa babu haihuwa, babu al'ada, amma saduwa tana nan. Ki tambaya ko za a ɗaure saman farjin da jijiya mai ƙarfi, domin in ba a yi ba shi ma yana iya saukowa daga baya. Mai son haihuwa ana iya ɗaga mata mahaifar a ɗaure ba a cire ba, sai dai sabon ciki yana iya warware gyaran, kuma galibi ana ba da shawarar haihuwa ta hanyar aiki. Shi ya sa gara ta riƙe zobe har ta gama haihuwa. Tsohuwa marar ƙarfi wadda ta bar saduwa ana iya ɗinke mata farjin, aiki gajere da saukowar ba ta cika dawowa bayansa, amma ba a warware shi. Ragar roba da ake sawa ta farji kuwa, hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da sayar da ita a 2019 saboda illolinta.

Kowane aiki yana da haɗarin zubar jini, shigar ƙwayar cuta da raunin mafitsara, kuma wasu sukan fara ɗigar fitsari in sun yi tari bayan an gyara. In akwai gyambo a bakin mahaifa, sai ya warke tukuna. Bayan aiki, mako 6 aƙalla ba tulu, ba taɓarya, ba saduwa. Maigida ya san wannan, a kuma samo mai kama aiki kafin a sa rana. Bayan girbi ya fi tsakiyar damina sauƙi.

Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne alif da kayan matsi, da kai mace wurin wanzami a yanka ƙullutun. Sau da yawa mafitsara ce a bayansa.

In fitsari ya ƙi fita, ko jini yana zuwa bayan al'ada ta ɗauke, ko abin ya fito ya ƙi komawa, kada a jira: a nufi cibiyar uwa da yaro ko babban asibitin Zinder a ranar, domin mahaifar da ta fito duka tana iya danne hanyar fitsari ta lalata ƙoda.