Yawon ƙaramin jirgi a fadamar Atchafalaya: ya ci kuɗinsa, amma da gyara

Duk wanda hanya ta kai shi Lafayette a jihar Luwiziyana ta Amurka, yana son leƙa fadamar Atchafalaya, shawarata ya rabu da jirgin ruwan nan mai ƙatuwar farfela a baya. Ƙararsa kaɗai ta isa ta kori tsuntsaye, kai kanka sai an toshe maka kunne. Mu ƙaramin jirgi muka hau daga garin Henderson da ke bakin fadamar.

Matuƙinmu dattijo ne daga mutanen Kejun, jikokin masu jin Faransanci da Turawan Ingila suka fara kora daga gabashin Kanada a 1755. Bakinsa ne rabin abin da muka biya wa kuɗi. Yakan kashe inji a tsakiyar itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, ya nuna kututturan da masu yankan katako suka bari, ya miƙa hannu ya tsinko ciyawar nan mai furfura da ke reto a rassa. Da ita kakanninsa ke cika katifa, in ji shi, bayan an bar ta ta ruɓe an shanya. Ya kuma ba mu labarin yadda ake hukunta yara a makaranta a zamanin iyayensa in suka yi Faransanci. A nan kam ba a yi dariya ba.

Kadoji mun gan su har mun ƙoshi, wani kwance kan gungume baki buɗe, kififiya a gefensa ko a jikinta. Ga zalɓe, ga balbela. Akwai kuma nutriya, wata dabba mai kama da gafiya da aka kawo daga Kudancin Amurka saboda fatarta, ta koma cinye saiwar ciyayi har jihar take biyan mafarauta kuɗi a kan kowace jela.

Abin da bai yi mini ba shi ne jefa wa kada abinci don baƙi su samu hoto. Dabbar da ta saba ganin mutum da loma, wata rana hannu za ta kama. Jirgin kuma ba rumfa, rana ta gasa mu, sauro ya ƙarasa.

Sai batun ciki. Miyar gumbo, duk da kuɓewar da ke jan ido, galibi da naman alade a ciki, don haka a tambaya kafin a sa cokali. A je da sassafe, kuma ba cikin hunturu ba, lokacin kadoji lafewa suke.