Ciwon ƙoda na gado: sikanin, CT ko MRI, wanne ya kamata ka biya wa kuɗi?

A wasu gidaje za ka ji an ce uba ya rasu da ciwon ƙoda, ƙanwarsa tana wankin ƙoda a Kano, yanzu kuma ɗa ya fara hawan jini tun bai kai shekara 35 ba. Sau da yawa wannan ita ce cutar da likitoci ke kira ADPKD: ƙullutai cike da ruwa suna tsirowa a ƙoda biyu, suna girma a hankali. Idan uwa ko uba na da ita, kowane ɗa na iya gadonta ko ya tsira, rabi da rabi. Abin da ke damuna shi ne yadda gwajin jini ke kwantar wa mutane hankali a banza. Shekaru da dama sakamakon kan fito lafiya lau alhali ƙodar na ta kumbura, domin sashen da ya rage mai lafiya yana ɗaukar aikin wanda ya lalace. Shi ya sa ake auna girman ƙoda da hoto. Ƙodar babba mai lafiya tsawonta kamar santimita 10 zuwa 12 ne, ta mai wannan cuta tana iya wuce 20.

Sikanin shi ne na kusa, irin wanda ake yi wa masu ciki. Ana samunsa a garuruwa kamar Hadeja, Gumel, Kazaure, Rano da Bichi, ba sai ka kwana a hanya ba, kuma shi ya fi arha nesa ba kusa ba. Ba ya cutarwa, ko mai juna biyu za ta yi. Don gano ko cutar tana nan, ya wadatar: mai shekara 15 zuwa 39 da ke da ita a danginsa, ƙullutu 3 a ƙodojin sun isa hujja. Rauninsa wajen awo ne. Idan ƙoda ta girma ƙwarai ba ta shiga allon gaba ɗaya, sai mai hoton ya yi ƙiyasi, kuma awon mutum biyu kan bambanta. Duk da haka akwai lamba ɗaya mai amfani: ƙoda ta wuce santimita 16.5 ga wanda bai kai shekara 45 ba alama ce ta cutar mai saurin tafiya. Don haka kada ka karɓi takardar da aka rubuta "ƙoda ta kumbura" kawai. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta min tsawon kowacce."

CT yana ba da awo mai kyau, cikin 'yan mintuna an gama. Amma yana amfani da haske irin na hoton ƙashi, mai yawa, wanda ba a son maimaitawa, mai ciki kuma ta kauce masa. Allurar da ake yi don hoton ya fito rangaɗau tana iya taɓa ƙodar da ta riga ta yi rauni, kuma auna girma ba ya buƙatarta. Idan an taɓa yi maka CT saboda tsakuwa ko ciwon ciki, nemo faifan, sau tari daga shi za a fitar da awon ba tare da sabon kuɗi ba.

MRI ne ya fi dacewa da wannan aiki, da shi aka yi binciken CRISP a Amurka wanda a 2006 ya nuna ƙodojin masu cutar na ƙaruwa da kusan kashi 5 cikin 100 a shekara. Da maganaɗisu yake ɗaukar hoto, babu hasken da ke cutarwa, babu buƙatar allura. Za ka kwanta cikin wani bututu mai ƙara kusan rabin awa, ana ce maka ka riƙe numfashi. Mai na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki dole ya faɗa tun kafin ya shiga. Tsadarsa ce matsala, ga kuɗin mota zuwa birni, ga masauki, ga ranakun gona da za su tafi. Ka buga waya ka tabbatar injin yana aiki kafin ka hau mota.

To, yaushe ya cancanci a sayar da buhun gero saboda MRI? A ganina, sai idan likitan ƙoda, irin na Asibitin Malam Aminu Kano, ya ce sakamakon zai canza abin da zai yi maka. Yakan haɗa girman ƙoda biyu, ya raba da tsayinka, ya duba shekarunka, ya sa ka a rukunin Mayo, wato ma'aunin saurin cutar, daga 1A zuwa 1E. Masu 1A da 1B cutarsu na tafiya a hankali. Daga 1C zuwa sama ne ake tunanin tolvaptan, maganin rage saurin cutar, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, mai tsada, mai sa yawan fitsari da ƙishirwa, kuma sai ana duba hanta. Hoto ɗaya mai kyau kan isa a gane rukunin, ba abin yi duk shekara ba ne. Dattijon da gwajin jininsa ya riga ya nuna ƙoda ta gaza kuwa, MRI ba zai ƙara masa komai ba. Gara kuɗin su tafi ga maganin hawan jini, a rage gishiri da magi, a daina sayen diclofenac da ibuprofen a kemis.

Idan MRI ko CT ɗin za ka yi, ka sa likita ya rubuta a takardar tura ka cewa girman ƙoda ake nema, da tsawo da faɗi da kauri na kowacce. Ka auna tsayinka a ranar, ka kuma karɓi faifan hoton tare da rahoton kafin ka bar wurin.