Sharhi: Takardun Yankan Kayan Rawar Ballets Russes, Inda Suka Yi Daidai da Inda Suka Kwafsa

Wannan ƙunshi ta intanet ake sayensa, a sauke a kwamfuta, a buga a takarda. Abu uku ne a ciki: takardun yankan riga irin wadda Nicholas Roerich ya zana wa rawar Le Sacre du printemps ta 1913, da na wando da 'yar shara irin na Léon Bakst a rawar Schéhérazade ta 1910, sai jagorar fentin labulen bayan dandamali. Na ɗinka tufafin biyu, na kuma gwada labulen a kan akoko mai faɗin mita uku da tsayin mita biyu. Ɓangaren Roerich da na labule sun biya kuɗinsu. Na Bakst kuwa sai tela ya yi masa tiyata kafin ya sawu.

Ga wanda bai san ƙungiyar ba, Ballets Russes ƙungiyar rawar bale ce da Sergei Diaghilev ya kai birnin Paris a 1909, ta watse bayan mutuwarsa a 1929. Mutanen Rasha ne suka kafa ta, amma ko sau ɗaya ba ta yi wasa a Rasha ba. Abin da ya bambanta ta shi ne masu zanen hoto irin su Roerich da Bakst ne ke tsara labule da tufafi gaba ɗaya, dandamalin ya zama kamar hoto guda mai motsi. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta wahalar banza a kan adon da ba wanda zai hango daga kujerun baya.

Tun daga bugawa ake fara kuskure. Akwai murabba'in gwaji na santimita 10 a shafin farko. A auna shi da tef kafin a buga sauran, domin masu shagon buga takardu sun saba barin na'ura ta daidaita shafi da kanta, sai komai ya tsuke kaɗan. Tsukewar da ba ta kai komai ba a shafi ɗaya, idan aka jera shafi shida sai ta cinye hannun riga. Sannan ba a bar wurin ɗinki a jikin layukan ba, kuma an ɓoye wannan bayani a can ƙarshe da ƙananan haruffa. A ƙara santimita ɗaya da rabi a kowane gefe, uku a kalmasa.

Rigar Roerich ita ce zuciyar ƙunshin. Yankanta miƙaƙƙe ne, gaba da baya da hannuwa duk falle-falle ne masu kusurwa huɗu, sai ɗan ƙyalle a hamata don a iya ɗaga hannu. Duk telan da ya taɓa ɗinka taguwa zai gama ta cikin yini. Na asali da ulu aka yi su, masu rawa sun sha zafi a ciki, don haka na yi amfani da auduga mai kauri, ruwan madara, yadi uku da rabi. A wanke yadin a goge kafin a sa almakashi, in ba haka ba wankin farko zai janye shi zanen ya karkace.

Aikin gaske a fenti yake. Roerich ya nazarci tufafin manoman Rasha da gimbiya Maria Tenisheva ta tara, daga nan ya samo layuka da da'irori da dara-daran da ke bin wuya da bakin hannu da gindin riga. Ƙunshin ya kawo waɗannan surori a cikakken girmansu, a kwafe su a faifan roba mai ɗan tauri a huhhuda da reza. Hanyar da suka bayar daidai take: a yi fentin tun yadin yana shimfiɗe, kafin a haɗa gefuna, a sa tsohuwar jarida a ƙasa, a riƙa dangwala burushi a tsaye, kada a ja shi. Idan aka ja, fentin yakan kurɗa ƙarƙashin faifan, bakin zanen ya yi dama-dama. Haka ma idan aka tsinka shi da ruwa. Bayan ya kwana ya bushe, a goge ta baya da dutsen guga mai zafi don ya kama. Abin da suka manta su faɗa shi ne zanen gindin riga ba zai haɗu a gefe ba sai an fara shi daga tsakiyar gaba ana tafiya hagu da dama, a bar kamar taƙi ɗaya a kowane ƙarshe, a cike shi da hannu bayan ɗinki. Kuma na ji daɗin gargaɗinsu cewa kada a tsaftace layin fiye da kima. Wanda ya duba hotunan na asali da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan zai ga sawun burushi ƙuru-ƙuru, wani layin ya fi wani kauri. Daga nesa wannan ne ke ba rigar rai.

Sai wandon Bakst, inda aka yi ɓarin. Zanen Bakst hoto ne na mutum yana tsakiyar juyi, mayafi na tashi, ƙugu a karkace. Ba takardar yanka ba ce, kuma a zamaninsa ma sai da ƙwararrun maɗinka irin su Marie Muelle ta Paris suka mai da hotunan tufafin da za a iya rawa da su. Mai wannan ƙunshi ya bi hoton ido rufe. Ya ce yadi biyu da rabi ya isa. Bai isa ba, sai huɗu, mai faɗin inci 60, in ana son kumburin nan irin na buje. Hantsar kuma gajera ce, ba a sa mata ƙarin ƙyalle ba. A tsaye wandon ya zauna ɗas, amma da mai gwaji ta ɗaga ƙafa zuwa ƙugu sai ɗinkin ya ce ɓarr. Gyaran shi ne a sauke hantsar da santimita 8, a dasa ƙyalle mai kusurwa huɗu na santimita 15, a yanka shi a karkace don ya riƙa miƙewa. Ƙubakar ma sun yi ta siririya da roba kawai. A faɗaɗa ta, a zura mazagi tare da robar, don nauyin ado ba ya barin roba ita kaɗai ta riƙe.

Siliki mai shara-shara santsi gare shi, yana gudu a ƙarƙashin keke. A shimfiɗa takarda mara kauri a ƙasansa a ɗinka tare, daga baya a yage ta. Allura lamba 9 ko 11, sabuwa, ɗinki ƙanana. Duwatsun ado kuma kada a ɗora su kai tsaye a kan silikin kamar yadda jagorar ta ce, za su ja shi ya tsage a inda zare ya huda. A fara jera su a kan kirtanin auduga, sannan a ɗinka kirtanin. Ga kuma amfani na biyu, ranar wanki sai a warware shi kawai.

A wajen launi dai sun kyauta. Sun bayyana cewa dandamalin Schéhérazade, wadda aka ɗauko labarinta daga farkon Dare Dubu da Ɗaya, makeken labule ne kore shar da shuɗi a sama, ƙasa kuma jan kilishi mai ruwan goro, da fitilu a rataye, don haka ake zaɓen launin tufafi da la'akari da abin da ke bayansu. Shawararsu ta a gwada ƙyalle a ƙarƙashin fitilar da za a yi wasa da ita, ba a hasken rana ba, gaskiya ce. Yadin roba mai sheƙi yakan koma fari fat idan fitila ta doke shi, launin ya ɓace.

Jagorar labule gajera ce amma ta san abin da take faɗa. Ta bi hanyar da Vladimir Polunin da matarsa Elizabeth suka yi wa Diaghilev aiki da ita, wato a shimfiɗa yadin a ƙasa a kafe gefunansa da ƙusa, mai fenti ya taka a kai yana aiki a tsaye da burushi mai doguwar ƙota. Ana fara shafe yadin da ruwan gam tsararo da farar ƙasa, a buga layukan murabba'i da igiya mai alli, a kwafe zanen gida-gida da gawayi ɗaure a bakin sanda. Ma'aunin jagorar 1 bisa 25 ne, ma'ana labulen mita 16 yana zama santimita 64 a takarda. Fentin tsararo ake so, kamar rini, don labule kayan tafiya ne, ana naɗe shi ana warwarewa, mai kauri kuwa tsattsagewa yake a kan kowane ninki. Abu uku za a kiyaye. Launin fentin gam yana raguwa ya yi fari-fari idan ya bushe, don haka a gwada a gefe a jira kafin a yanke hukunci. Gam ɗin fata kuma ɗumama shi ake yi, ba a tafasa shi, kuma a lokacin zafi kwana biyu ya isa ya yi ɗoyi ya daina kamu, sai a dama na yini ɗaya kawai. Da hunturu iska na busar da shafin farko kafin a kai ƙarshen yadi, ya bar tabo. A ɗan yayyafa ruwa tukuna.

Akwai kuskuren tarihi ɗaya da ya kamata su gyara. Zanen gwajin da suka bayar, birnin nan mai cunkoson hasumiyoyi masu kan albasa, sun rubuta cewa na wasan Firebird ne na 1910. Na Natalia Goncharova ne, ta yi shi a 1926 da aka sabunta wasan. Labulen 1910 aikin Alexander Golovin ne. Kuma ba zanen mai koyo ba ne, gine-ginen sun yi yawa, a kan mita uku sai su cakuɗe. Na rage su zuwa layi huɗu na hasumiyoyi, na ƙara kaurin baƙin layin da ya zagaye kowace, sannan suka fito daga taku ashirin.