Lisen da Ɗana ke Karatu a Tawa, Shekara Ɗaya Bayan Sauyin Tsari

Da ɗana ya ci jarrabawar BEPC, na sa shi wani lise mai zaman kansa a nan Tawa, ba don sunan makarantar ba, sai don kusancinta da gida. A lokacin ɗalibai suna ta janyewa, malami ya zo yau gobe a neme shi a rasa, har ana raɗe-raɗin rufe ta. Bara hukumar makarantar ta kasa ɗalibai gida uku bisa sana'a, wato lantarki, kiwon lafiya, da noma, kowane sashe da malamansa waɗanda za su riƙe yaro shekara uku har ya zauna jarrabawar bak. Daraktan ya shaida mana cewa daga Amurka suka aro tsarin, inda aka fara shi a birnin Filadelfiya a 1969.

Sashen lantarki, inda yarona yake, ya cancanci yabo. Lissafin da a da yake gudu yanzu a kan waya da batir ake koya masa shi, kuma an kai su Malbaza sun ga tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. Da bazara fitilunmu suka daina kamawa, har na yi niyyar sayen sabon batir, sai ya ɗauko na'urar awo ya duƙa ya gwada, ya ce, "Baba, batirin lafiya lau yake, kan wayar ne ya yi tsatsa." Yaron da a baya ba shi da zance sai na tafiya bida Abijan ke nan.

Amma an ƙara mana jika goma da sunan kayan aiki, alhali na'urorin awo huɗu na ƙirga a ɗakin da ke ɗaukar yara sama da talatin. Sashen noma kuwa suna ne kawai: a jihar da albasar Galmi ke fitowa, makarantar ba ta da ko fangali ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne, bak ɗin da za su zauna na karatun gama-gari ne, don haka awowin sana'ar ba su da takardar shaida, kuma da na tambayi daraktan sai ya ce ana kan magana.

Na sake biya wa yaron kuɗin bana. Ƙanwarsa mai son noma kuwa, sai na ga rijiya da lambu a harabar kafin in kai ta.