Gargaɗi ga masu kifin ado: hattara da masu cewa ka sauya filta a rana ɗaya

'Yan uwa masu tankin kifi na gilashi a gida ko a ofis, akwai wani salon damfara da ke yawo a shafukan saye da sayarwa na Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma ya kamata a san shi. Mai talla zai nuna maka filta, wato injin tace ruwan tanki, sabuwa fil, ya ce ta fi taka ƙarfi, tana da fitilar kashe ƙwayoyin cuta, ga kwalbar "ruwan bakteriya" kyauta. Sai ya ƙara da cewa zai zo ya haɗa maka da kansa, ya karɓi tsohuwar filtarka a matsayin musaya, ya rage maka kuɗi. A wannan musayar ɓarnar take.

Abin da ke raya kifi a tankin da ya daɗe yana aiki shi ne bakteriyar da ta zauna a jikin soso da zobban tangaran na cikin filta. Kifi yana fitar da ammoniya, wani sinadari mai dafi, ragowar abinci ma in ta ruɓe haka. Wani rukunin bakteriya yana mayar da ammoniya naitirait, wani kuma, irin su Nitrospira, yana mayar da naitirait naitiret, wanda dafinsa kaɗan ne kuma canjin ruwa ke rage shi. Waɗannan halittu manne suke a jikin kayan filta, kaɗan ne ƙwarai ke yawo cikin ruwa. Sabuwar filta kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su cika ta. Don haka wanda ya ɗauke maka tsohon soso mai launin ƙasa-ƙasa ya tafi da aikin watanni, kuma irin wannan soson yana da masu saye, domin da shi ake tayar da sabon tanki cikin sauri. Kai kuma an bar ka da robar da ba ta tace komai sai datti da ido ke gani.

Ranar farko ruwa zai yi garau, shi ya sa ake yarda. Bayan 'yan kwanaki ammoniya ta taru, daga baya naitirait ya biyo. Kifi ya daina cin abinci, ya taso sama yana haki ko da kumfar iska na aiki, domin naitirait yana hana jininsa ɗaukar iskar oksijin. Ruwan kan yi fari kamar an ɗiga madara. In ka kira mai kayan, zai ce cuta ce ta shiga, ya sayar maka da shuɗin magani. Shuɗin nan, in methylene blue ne, yana kashe 'yar bakteriyar da ta fara kafuwa, haka ma magungunan antibayotik da yawa. Ka biya sau biyu ke nan, kifin kuma na ci gaba da mutuwa. Abin takaici, da yawa kan ɗora wa kansu laifi, su ce ba su iya kiwo ba.

Kwalbar kyautar nan ma a yi hattara. Akwai bakteriyar kwalba ta gaske, amma halitta ce mai rai: in ta sha zafin rana a shago ko a bayan mota, ko wa'adinta ya wuce, ta tashi aiki. Wadda ba ta da sunan kamfani da ranar ƙarewar aiki, ɗauke ta a matsayin ruwa kawai. Ta gaskiyar ma taimako take yi, ba ta maye gurbin tsohon soso nan take.

Sai batun ƙarfi. Ana son filta ta juya ruwan tanki kamar sau 4 zuwa 6 a awa, wato tankin lita 100 na buƙatar lita 400 zuwa 600. Lambar da ke jikin kwali ana auna ta ne ba soso da zobba a ciki, don haka ko filtar kirki takan gaza ta in an cika ta. Amma ragi daban, ƙarya daban. Gwajin ba wuya: saka kayan ciki, kai tiyon fita cikin jarka mai lita 20, ka duba agogon waya. Mai lita 1,200 a awa ya kamata ta cika jarkar a minti 1 ko ɗoriya kaɗan. In ta ɗauki minti 4, lita 300 take bayarwa. Ka yi wannan a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su bar hannunka. Wanda ya nace sai ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin ka ga kaya, ko ya ƙi gwaji, ka ƙyale shi.

Fitilar kashe ƙwayoyin cutar nan, wato UV, ta gaske dogon ƙwai ce a cikin bututun gilashin kwaz, ana canja ta duk wata 6 zuwa 12, kuma ba a kallonta da ido in tana kunne. Wasu ƙaramin ƙwan ado shuɗi kawai ake saka musu. Ko ta gaske ce, koren ruwa take magancewa, ba ruwanta da ammoniya.

Hanyar sauyin da ba ta kashe kifi iri biyu ce. Ta farko, ka haɗa sabuwar kusa da tsohuwar su yi aiki tare mako 4 zuwa 6, sannan ka cire tsohuwar. Ta biyu, in ba wuri, ka kwashe soso da zobban tsohuwar ka saka a cikin sabuwar, ko da sai ka yanka soson da almakashi ya shiga. Ka ɗebi ruwan tankin a bokiti, ka ɗan matsa soson a ciki sau biyu ko uku don laka ta fita, kada ya bushe, ka kammala aikin cikin awa guda. Kada ka wanke shi da ruwan famfo, kulorin da ke ciki na kashe bakteriyar, sabulu kuwa ko kusa. A wannan makon kada ka wanke tsakuwar ƙasa, kada ka ƙara sabon kifi, ka rage abinci zuwa rabi.

Mu da ake ɗauke mana wuta akwai ƙarin kula. Bakteriyar nan da oksijin take rayuwa, kuma a filta mai rufaffen tulu ruwan ciki kan rasa iska in inji ya tsaya awanni. Ka zaɓi ranar da kake da tabbacin wuta ko inbata. In an ɗauke wuta ta daɗe, buɗe tulun, ka sa kayan a ruwan tanki marar zurfi, ka zubar da tsohon ruwan tulun kafin ka sake kunnawa. A bazara abin ya fi tsanani, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, dafin ammoniya kuma yana ƙaruwa da zafi.

Wanda aka riga aka ɗauke wa tsohuwar filta, ya nemi kayan gwajin ruwa na ɗigo, ya riƙa aunawa kullum. Ammoniya da naitirait sifili ake so, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. In ɗayan biyun farko ya nuna, canja kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan da wanda aka cire wa kulorin, mai ɗumi daidai da na tankin, ka maimaita gobe in bai sauka ba. Gishiri gram 1 a kowace lita 10 yana rage illar naitirait. In kana da abokin da tankinsa ke lafiya, roƙe shi yankin sosonsa, ka kawo shi a leda da ruwan tankinsa ka saka a filtarka ranar.